Doki da Kiɗa: Darasi Kan Waƙoƙin Barade, Namu da na Turawa

Samistar da ta wuce na je Sabon Gari karɓar handawut a wurin wani abokin karatuna. Daga gidanmu a Fagge tafiyar ƙafa ce, ba sai an hau adaidaita ba. Na same shi a ɗaki ya tasa fiyano a gaba, yana ta maimaita wani sauti. Da jin sa na gane shi, don duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Turawa da aka ɗaura aure a ciki ya san shi: kiɗan nan ne da ake sa wa amarya idan za ta shigo da farar riga. Ya ce ranar Asabar akwai biki a cocinsu, shi zai kaɗa. Na ce, "Wai wa ya yi wannan kiɗan ne?" Ya ce wani Bajamushe ne, Wagner, kuma asalinsa daga labarin wani barde aka ciro shi. Na ce, "Barde fa? Irin namu na hawan Sallah?" Ya ce, "Kusan haka."

Maganar ta tsaya mini a rai saboda wani abu da ya taɓa faruwa da ni. Wata Sallah, da hawan Nassarawa ya biyo ta unguwarmu, na tsaya cikin rana wajen awa biyu ina ɗaukar bidiyo da waya. Da na koma gida na yanka, na gyara kala, na cire sautin gaba ɗaya don a ganina hayaniya ce, na ɗora waƙar da ake yayi a lokacin. Na sa a TikTok, jama'a suka yi ta yabawa. Da na kai wa kakana ya gani, sai ya kara wayar a kunne, ya ce, "Ina busar?" Na ce na cire. Ya miƙo mini wayata ya ce, "To ai dawaki ka ɗauko, hawan ka baro shi can." A zamaninsu, in ji shi, yana zaune a zaure zai gaya maka hakimin da ke tafe tun kafin ka hango rawaninsa, daga jin kiɗa kawai.

Waɗannan abubuwa biyu su suka sa na zauna na yi ɗan bincike, ga shi na kawo muku, 'yan'uwa ɗalibai. A taƙaice, Turawa suna da manyan kaɗe-kaɗe da suka gina a kan labaran baradensu na da, mu ma muna da namu, kuma ginin ya yi kama fiye da yadda muke zato. Su sun adana nasu. Namu yana wucewa ta ƙofar gidanmu da Sallah ƙarama da babba, mu kuma muna goge shi daga bidiyo.

Wane ne barde?

Barde shi ne mayaƙin da ke yaƙi a kan doki. Yana da ubangida, sarki ko wani babban hakimi, mai ba shi doki da makami da abinci, shi kuma ya biya da ransa ranar da gumu ta yi gumu. Haka abin yake a Turai daga wajen ƙarni na 11 zuwa na 15, haka yake a ƙasar Hausa. Ko a suna ma doki ne tushe. Kalmar da Faransawa ke kiran barde da ita daga sunan doki ta fito, ta Jamusawa ma'anarta mahayi. Mu kuwa duba sarautunmu na Kano: Madaki, wato Madawaki, da Sarkin Dawaki Mai Tuta, da Sarkin Dawakin Tsakar Gida, da shi kansa Barde.

Akwai tsohon littafin tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Littafin ya nuna cewa Sarkin Kano Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga a ɗinke, a sa wa doki da mahayinsa, kibiya in ta zo ta maƙale. Sulke ƙananan zobban ƙarfe ne da aka sarƙa suka zama riga. Kwalkwali hular yaƙi ce. A daidai shekarun nan baraden Ingila da na Faransa suke ta gwabzawa, babban karonsu na Agincourt an yi shi a 1415, shekara biyar bayan Kanajeji. Ke nan 'yan lifida da 'yan sulken da kuke ɗauka a hoto ranar hawa, kayan jikinsu sa'o'in na baraden Turai ne.

Ban da kaya akwai hali. Turawa sun tsara wa barde ɗabi'u: biyayya ga ubangida, cika alkawari, kare mata da marasa ƙarfi, rangwame ga wanda aka kayar. Bahaushe yana da kalma ɗaya da ta ɗauke wannan, sadauki. Sadauki ba ya ba da baya, ba ya cin amana, hannunsa a sake yake. Ko an bi waɗannan ɗabi'u a fagen fama, wannan wata magana ce, za mu zo kanta.

Makaɗan fada da kayansu

Duk inda aka sami barde sai an sami makaɗi, don jarumtar da ba a faɗe ta ba tare da mai ita ake binne ta. Littafin da na ambata ya ce a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka fara busa kakaki a Kano, aka fara figini da takalmin gashin jimina da dawakin zage. Ya kuma ce Sarki Kutumbi, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1648, in zai fita yaƙi ko hawan Sallah, dawakin zage 100 ke bin sa, a gabansa kuma ganguna 40 da kakaki 25 da tambura 50. Ku tara ku gani: makaɗa da mabusa 115. Babbar ƙungiyar makaɗan Turai, wadda suke kira okestira, yawanci mutum 80 ne zuwa 100.

Ga manyan kayan da ya kamata kunnenka ya iya rarrabewa ranar hawa.

Tambari: babbar ganga mai kama da akushi, muryarta ƙasa-ƙasa, a ƙirji ake jin ta. Ta sarki ce shi kaɗai, ba a buga wa kowa.

Kakaki: dogon abin busa na ƙarfe, ya fi tsayin mutum nesa. Sautinsa bai fi hawa biyu ba, amma yana kai wa nesa ƙwarai. Alamar sarauta ce.

Algaita: gajeruwa ce, bakinta na kara, muryarta siririya mai ratsa kunne. Mabushinta yana tara iska a kumatu yana shaƙar wata ta hanci, shi ya sa za ka ji busar ba ta yankewa.

Farai da ƙaho: su ma na busa ne, sukan raka kakaki.

Jauje da kotso: dangin kalangu ne masu tsukakken ciki da tsarkiya. Jauje fuska biyu gare shi, da makaɗi ake buga shi. Kotso fuska ɗaya, da yatsu ake kaɗa shi.

Taushi: ƙaramar ganga mai fuska ɗaya, da hannu ake kaɗa ta, mawaƙan sarakuna sun daɗe da ita.

Kowane rukuni yana da shugaba mai rawani, kamar Sarkin Tambura da Sarkin Kakaki, ga kuma Sankira mai kirari da baki. Galibi sana'ar gado ce, ɗa ya koya a gindin uba.

Take: mabuɗin darasin

In ba ka riƙe komai a wannan rubutu ba, riƙe wannan. Hausa harshe ne mai karin sauti, murya tana hawa tana sauka, ma'ana tana canzawa. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, karin sauti ya raba su. Saboda haka ganga da algaita suna iya bin hawa da saukar magana har wanda ya sani ya ji kalmomin. Wannan gajeren kiɗa da aka keɓe wa mutum ɗaya, ko sarauta ɗaya, ko sana'a ɗaya, shi ake kira take. Mahauta suna da nasu, maƙera suna da nasu, 'yan dambe kowa da nasa, sarki da hakimansa ma haka. Abin da kakana yake ji daga zaure ke nan.

To, abin da ya fi ɗaukaka sunan Richard Wagner a kiɗan Turai shi ne irin wannan dabara. An haife shi a 1813, ya mutu a 1883. A cikin wasanninsa yakan ba kowane jarumi ɗan gajeren sauti nasa, ya ba takobi nasa, ya ba dodo nasa, har alkawari da la'ana suna da nasu. Da makaɗa sun taɓo sautin takobi, mai sauraro ya san maganar takobi ta taso ko da ba a ambace shi ba. In jarumi yana cikin nasara a busa sautinsa da ƙarfi, in ya mutu a jawo shi a hankali da murya mai nauyi. Masu kiɗan finafinai sun gaji wannan. Duk fim ɗin da za ka ji kiɗan bos ya tashi kafin bos ya bayyana, take ne aka yi masa. Da na bayyana wa abokina na Sabon Gari yadda take yake aiki, shiru ya yi, sannan ya ce ashe abin da ya yi ta haddacewa a littafin koyon kiɗa yana wucewa ta bakin layinsu kowace Sallah.

Ofera, da auren da bai kwana ba

Ofera wasan kwaikwayo ne da ake yin sa da waƙa tun daga farko har ƙarshe, 'yan wasa suna rerawa a kan dandamali, makaɗa suna zaune a ƙasa. A Italiya aka fara shi wajen shekarar 1600. Tun farkonsa labaran barade suka zama abincinsa. Jean-Baptiste Lully, makaɗin fadar Sarkin Faransa Louis na 14, ya yi Amadis a 1684 da Roland a 1685. Henry Purcell ya yi wa Ingila King Arthur a 1691. George Frideric Handel ya yi Rinaldo a Landan a 1711. Masu zuwa gidan kallon ƙwallo, kun san Handel ba ku sani ba: kiɗan da ake sawa kafin wasan gasar zakarun Turai an gina shi ne a kan waƙar da ya yi don naɗin Sarkin Ingila George na 2 a 1727. Wato kiɗan fada ne tsantsa. Shi kuwa Wagner ya yi Tannhäuser a 1845, Lohengrin a 1850, Tristan und Isolde a 1865, da Parsifal a 1882, duk daga labaran baraden da aka rubuta tun ƙarni na 12 da na 13.

Ku lura, duk waɗannan mutane suna da iyayen gida. Wagner kansa sai da Sarki Ludwig na 2 na Bavariya ya biya masa bashi, ya kuma tallafa aka gina masa gidan wasa a garin Bayreuth, wanda aka buɗe a 1876. Da a nan ne, maroƙin sarki za mu kira shi, wataƙila ma a hana shi auren 'yar gidan wane.

Mu koma kan kiɗan amarya. Daga Lohengrin yake, wanda aka fara nunawa a garin Weimar a 1850. Ga labarin. An zargi wata gimbiya, Elsa, da kashe ƙanenta. Sarki ya yanke cewa a raba gardama da takobi, in tana da mai tsaya mata. Aka yi shela, shiru. Can sai ga wani baƙon barde a cikin kwale-kwale, wani farin tsuntsun ruwa mai dogon wuya, ɗan'uwan dinya, yana jan sa. Ya ce zai tsaya mata, zai kuma aure ta, bisa sharaɗi ɗaya: kada ta taɓa tambayar sunansa ko asalinsa. Wagner ya ba wannan sharaɗi take nasa, kuma duk lokacin da shakka ta taso a zuciyar Elsa sai ka ji makaɗa sun taɓo shi. Barde ya kayar da mai ƙara, ya bar shi da ransa. Aka ɗaura aure. Kiɗan da abokina yake koyo shi ne waƙar rakiyar ango da amarya zuwa ɗaki. Amma matar wanda aka kayar ta riga ta zuga Elsa. A daren farko ta kasa haƙuri, ta yi tambayar. Gari na wayewa ya faɗi sunansa a gaban jama'a, ya ce shi Lohengrin ne ɗan Parsifal, ya hau kwale-kwalensa ya tafi, ita kuma ta faɗi matacciya. Wato kiɗan da duniya take raka amare da shi, na auren da bai kwana ba ne. Na gaya wa abokina, ya ce don Allah kada in faɗa wa amaryar.

Yanzu ajiye wannan kusa da labarin da aka ba mu tun muna firamare. Baƙo ya zo daga gabas a kan doki. Maƙeran Gaya suka ƙera masa makami. Ya isa Daura da dare, ya tarar macijiya ta hana ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a. Ya kashe ta, ya auri sarauniya. Baƙon da ya ceci gari ya auri mai gari, kamar Lohengrin. Makamin da aka ƙera musamman aka kashe dodo da shi, wannan kuma shi ne zuciyar wani wasan Wagner mai suna Siegfried, na 1876. Ba ina cewa wani ya kwaikwayi wani ba ne. Abin da nake nunawa shi ne labarin Bayajida yana da duk abin da ofera ke nema.

Iliya, wanda ya zo mana daga Rasha

Waɗanda suka yi Hausa a sakandare za su tuna Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Sarki Waldima da birnin Kib. Ni dai da na ɗauka Iliya ɗan wani ƙauye ne a Katsina. Ashe tsohon jarumin waƙoƙin bakan Rasha ne, Ilya Muromets, wanda ya yi shekaru a gurgunce kafin waɗansu matafiya su warkar da shi. Waldima shi ne Vladimir, Kib kuwa birnin Kiev ne. Wani mai tsara kiɗa haifaffen Kiev ɗin, Reinhold Glière, ya gama wani dogon kiɗa a kan wannan jarumi a 1911, simfoninsa ta uku. Ba waƙa a ciki, ba magana, kayan kiɗa ne zalla na fiye da awa ɗaya, kashi huɗu: tashin Iliya da haɗuwarsa da wani ƙaton jarumi, karonsa da ɗan fashin daji mai kashe mutane da fito, walima a fadar Vladimir, sai yaƙin ƙarshe inda ya zama dutse. In kana neman ƙofar shiga kiɗan Turawa, fara da wannan, don ka riga ka san mutumin.

Takobi ya koma kube, kiɗa bai tsaya ba

Wani abin da ya haɗa mu da su shi ne lokacin da aka yi manyan waƙoƙin. Sa'ad da Wagner yake rubuta Lohengrin, bindiga ta daɗe da kashe kasuwar barade a Turai, jirgin ƙasa ma ya fara yawo. Kewar abin da ya wuce ce ta haifi kiɗan.

Mu ma haka. Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903. Kafin watan ya ƙare, dawakin Kano suka yi karo da bindigoginsu a Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya rasu. Daga nan doki ya bar fagen fama ya koma na ado. Aka yi babban hawa a Kano don Yariman Ingila a 1925, a Kaduna don Sarauniya Elizabeth a 1956, aka sake a Kaduna lokacin FESTAC a 1977.

Manyan makaɗan fada da muke da muryoyinsu a kaset duk a bayan 1903 suka yi tashe. Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, mai Bakandamiya, wanda har doki ya yi wa waƙa sukutum, Dokin Iska Ɗan Filinge. Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na 3. Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991. Muhammadu Sarkin Taushin Katsina, na fadar Sarki Usman Nagogo. Iyayen gidansu haraji suke tarawa, shari'a suke yi, a mota suke zuwa taro. Amma saurari waƙoƙin: garkuwa, mashi, sulke, tuta, maza sun gudu, gari ya ci wuta. Mawaƙin yana ɗauko yaƙin kaka ya yafa wa jika.

Ga yadda ginin waƙar yake, don ka san abin da za ka saurara. Akwai jagora, akwai 'yan amshi. Akwai gindin waƙa, layukan da ake komowa kansu kullum, su ne ke ɗauke da sunan ubangida ko babban kirarinsa. Tsakanin gindi da gindi akwai ɗiya, kowane ɗa da saƙonsa. Wani ɗan ya jero asali, wane ɗan wane jikan wane. Wani ya yi zuga, a kira sarki giwa ko zaki ko ruwa mai cin gwani. Wani kuma zambo ne da habaici ga 'yan sarkin da suka nemi gadon suka rasa, a mai da su kura ko biri ko mujiya ba tare da an kama suna ba. A waƙar ƙwararru, jagora yakan fara ɗa ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa. Wannan ba ya yiwuwa sai da doguwar bita. Mai son zurfafawa ya nemi littattafan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, ya yi aiki mai yawa a kan makaɗan baka.

Waƙa ba tarihi ba ce

Nan ne ya kamata ɗalibi ya buɗe ido. Shahararriyar waƙar baraden Faransa, ta Roland, an tsara ta wajen shekarar 1100 a kan wani hari da aka kai wa rundunar Sarki Charlemagne a 778. A tarihi, mutanen Bask mazauna duwatsun wurin ne suka kai harin. A waƙa sai aka mai da su Musulmi, don zamanin yaƙin neman Ƙudus ne, irin abokin gabar da ake so ke nan. Rinaldo na Handel ma a kan kewaye Ƙudus na 1099 aka gina shi, kuma ɓangaren Musulmi an ba su sarki mai girman kai da mace matsafiya. Wagner ya rubuta maganganun ƙin Yahudawa, daga baya Hitler ya rungumi kiɗansa. Daɗin sauti ba ya wanke wannan.

Kafin mu nuna su da yatsa, mu duba namu. Garin da waƙa ta ce an ƙone, akwai mutane a ciki. Littafin tarihin Kano da kansa ya ce Kanajeji yana aika dawaki Kwararrafa, ana aiko masa da bayi. Kutumbi mai makaɗa 115, a sanadin yaƙi da Katsinawa ya rasu, kuma yau Bakano da Bakatsine benci ɗaya suke zama a ajinmu, sai dai tsokana. A cikin waɗanda waƙoƙin suke kira da munanan sunaye, akwai kakannin wasu abokan karatunmu, wataƙila har da namu. Makaɗin fada aikinsa ya ɗaga ubangidansa, ba ya ƙirga waɗanda aka tattake. Ji daɗin fasahar, amma in za ka rubuta tarihi nemi wata shaidar ka haɗa.

Inda suka sha gabanmu

Abu ɗaya ne: rubutu. Turawa sun ƙirƙiri hanyar rubuta sauti a takarda, shi ya sa yaro a Sabon Gari zai buɗe littafi ya kaɗa abin da aka tsara a Jamus shekara fiye da 170 da suka wuce. Namu a ka yake. Wannan yana da nasa ƙarfi, don makaɗin baka yana iya ƙara sabon ɗa nan take in wani babban baƙo ya shigo, abin da mawaƙin ofera ba shi da ikon yi. Amma in tsoho ya rasu ɗansa yana tuƙa adaidaita, take nawa ne suka tafi da shi? Manazarta sun rubuta kalmomin waƙoƙi da yawa, gidajen rediyo irin na Kaduna da na Kano sun naɗi muryoyi. Taken algaita da na kakaki da na tambari, da fassarar abin da kowanne yake faɗa, su ne suka fi zama cikin haɗari.

A watan Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Abin alfahari ne. Sai dai kun sani, a 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawa, wata shekarar don korona, wata don dalilin tsaro. Duk Sallar da ba a hau ba, mabushi bai yi busa ba, bai sami na cefane ba, yaronsa kuma bai ga dalilin koyo ba.

Aikin gida

Tunda darasi ne, ga aiki, kuma ba ya cin data da yawa.

Na ɗaya, nemi farkon kashi na uku na Lohengrin a YouTube. Minti uku na farko kakakin Turawa ne ke tashi kamar ana jahi, daga nan waƙar amarya ta shigo.

Na biyu, saurari Bakandamiya sau biyu. Karon farko bi kalmomi. Karo na biyu manta da kalmomi, bi kotso da inda 'yan amshi suke karɓa.

Na uku, nemi bidiyon hawan Daushe wanda ba a ɗora wa waƙa ba. Rufe ido, ka gwada raba tambari da algaita da kakaki.

Na huɗu, ga masu neman taken furojet. 'Yan aikin jarida, ga shirin rediyo. 'Yan kwamfuta, ga ma'ajiyar take da za a gina, kowane sauti da sunan sarautarsa da fassararsa. 'Yan ƙere-ƙere, ku auna kakaki ku zana yadda ake haɗa gaɓoɓinsa. Ku je da ladabi: a yi sallama, a durƙusa a gaisa, a nemi izini, a ba da goro, a rubuta sunan makaɗin a jikin aikin. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, haƙƙinta ma nasa ne.

Na biyar, ranar hawa kada ka tsaya kusa da 'yan bindiga, za su fasa maka sauti. Sa ɗan soso a bakin makirfon saboda iska. In ka ɗauka, rubuta rana da wuri da sunan tawagar. Kuma don Allah ajiye asalin sautin, ko da za ka yi wani kwafin na yayi.

Ni da abokina mun riga mun fara. Mun samo wani tsohon bidiyon hawa, yana bin algaita da fiyano yana rubutawa. Mun gano wasu sautukanta suna faɗawa tsakanin maɓalli biyu, fiyano ba ta da su, sai da ya ƙirƙiri 'yar alama tasa. Muka kai wa kakana, ya saurara, ya gane take uku, na huɗun ya ce a maimaita, aka maimaita, ya ce ya san shi amma sunan mai shi ya ɓace masa. In Allah ya kai mu hawan Nassarawa mai zuwa, za ku same mu a bakin titi wajen Fagge da waya biyu, ɗaya ta hoto, ɗaya ta sauti. Mai sha'awa ya neme ni a ofishin ƙungiyar ɗalibai kafin a tafi hutu, don ba a fafe gora ranar tafiya.